Jirgin Sama a Turke

A arewacin ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Minesota. Da hunturu sanyinta ba ya misaltuwa, in zafi ya zo kuwa sai hadari mai iska. A wani ƙauyenta mai suna Cherry Grove aka yi wani makaniki, ana ce da shi Bernard Pietenpol. A shekarar 1929 mutumin nan ya ƙera ɗan ƙaramin jirgin sama da katako da yadi, ya ɗora masa injin motar Ford, ya kuwa tashi da shi. Jirgin yana ɗaukar mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, tsawon fukafukansa daga wannan baki zuwa wancan ƙafa 29 ne. A 1932 aka buga zanensa, don duk mai so ya ƙera nasa. Har yau ana ƙera irinsa.

Cikin waɗanda suka bi zanen nan akwai wani dattijo, kafinta. Shekara da shekaru yana wannan aiki a bayan gidansa, kullum da maraice in ya taso daga wurin sana'a. Ya fere katako ɗai ɗai, ya manna da gam, ya ɗinka yadi, ya shafa fenti. Da ya gama, hukuma ta duba ta ba shi takarda, ya kai jirgin wani ɗan fili mai ciyawa inda ƙananan jirage ke sauka. To, a nan fa magana ta taso, gama kuɗin hayar rumfar jirgi ya fi ƙarfinsa. Ba yadda zai yi, sai jirgin ya riƙa kwana a waje. Dattijon nan kuwa ya sani abin da ke kwana a waje yana da abokan gaba huɗu, watau iska, da rana, da ruwa, da ƙananan halittu.

Iska ita ce babbarsu. Abin da ke ɗaga jirgi sama shi ne iskar da ke bi ta kan fukafukansa. Jirgi irin wannan, in ya yi gudun mil 35 zuwa 40 a awa, sai ya bar ƙasa. Fukafuki kuwa ba su san bambancin gudun jirgi da gudun iska ba. Saboda haka in iska mai wannan ƙarfi ta taso, tana iya ɗaga jirgin da ke tsaye, ko ba kowa a cikinsa, ta kifar da shi. Don haka dattijo ya kafa turaku uku na ƙarfe, ya ɗaure jirgin kamar ingarma, igiya ɗaya a kowane fiffike, ta uku a wutsiya. Yakan juya hancinsa ya fuskanci inda iska ta saba fitowa. Sa'an nan ya sa wa tayoyi weji gaba da baya, irin wanda yaran mota ke sa wa babbar mota a kan gangara, ya kuma ɗaure sandar tuƙi don kada iska ta yi ta kaɗa sassan da ke motsi har su lalace.

Rana ita ba ta da hayaniya, a hankali take cin nata. Haskenta yana ƙona yadi har ya rube, kamar yadda riga ke ƙoƙewa in an manta da ita a kan igiyar shanya. Maganin wannan tun wurin ƙira ake yinsa, a shafa wa yadin wani fenti mai garin alminiyam kafin a shafa mai launi. Duk da haka dattijo yakan bi jikin jirgin da ɗan yatsa, yana latsawa, yana neman inda fenti ya tsage.

Ruwa kuwa ɓarawo ne, ta ƙaramar kafa yake shiga. In ya kwanta cikin fiffike sai katako ya rube, gam ya saki, daga waje kuwa ba a gani. Shi ya sa ake huda 'yan ƙananan ramuka a ƙarƙashin fukafuki don ruwa ya tsiyaye, dattijo kuma yakan tsokace su da tsinke kada su toshe. Yakan rufe mazaunin matuƙi da tamfol. Farfelarsa ta katako ce, sai ya bar ta a gicciye, don kada laima ta taru a gefe guda ta fi ɗaya gefen nauyi. Kafin ya tashi yakan tsiyayi fetur kaɗan cikin kwalba ya ɗaga ta ga haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi sai a gan shi kwance a gindin kwalba. Ruwan nan in ya kai ga inji a sama, inji ya mutu ke nan. Da hunturu kuma yakan share dusar ƙanƙara daga kan fukafuki, ya zubar da ruwan lagireto don kada ya daskare ya fasa inji.

Saura ƙananan halittu. Tsuntsaye sukan yi sheƙa kusa da inji, ciyawar kuwa in ta ji zafi sai ta kama wuta. Ɓera yakan hau ta wutsiya ya ci zaren ɗinki. Amma wanda aka fi tsoro shi ne zanzaro. A jikin jirgi akwai wani siririn bututu da ke auna gudu, zanzaro kuwa yana son ya gina ɗakinsa na laka a ciki. A 1996 wani babban jirgin fasinja da ya yi kwanaki a ajiye a Jamhuriyar Dominika ya faɗa teku bayan tashinsa kaɗan, mutum 189 suka mutu. Masu bincike sun ce bututun nan ne ya toshe, sun kuma fi zaton aikin zanzaro ne. Dattijo ya ɗinka wa bututunsa 'yar hula mai jan ƙyalle, don ya gani ya cire kafin ya tashi.

Ran nan da la'asar suna filin shi da jikansa, gari garau, ko ganye ba ya motsi. Yaro ya gaji, ya ce, "Kaka, yau dai ba iska, mu bar ɗaurin nan sai gobe."

Dattijo ya ce, "Ɗan nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Miƙo mini igiya."

Suka ɗaure, suka ja kowane ƙulli, suka tafi gida. Can tsakar dare hadari ya haɗo, iska ta yi ta kaɗawa har tana karya rassan itatuwa. Dattijo bai runtsa ba. Da asuba suka garzaya filin. Suka tarar da wani jirgi, wanda mai shi ya ɗaure da tsohuwar igiya, ya kife, tayoyinsa a sama, fiffike ɗaya ya karye. Nasu kuwa yana nan a turkensa, ruwa na ɗiga daga fukafukansa. Yaro ya dubi wancan, ya dubi wannan, bai ce kome ba. Sai ya durƙusa ya shiga duba ƙullin igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ran nan shi ke riga kakansa ɗauko igiya.

Tambayoyi

1. Da me da me Bernard Pietenpol ya ƙera jirginsa?
2. Don me iska ke iya ɗaga jirgin da ke tsaye?
3. Yaya ake gane akwai ruwa cikin fetur?
4. Wace ɓarna zanzaro ke yi wa jirgi?