Jaki Ma Yana Da Hakki A Kanmu

Jama'a, cikin dabbobin da Allah Ya hore mana babu wadda ta yi wa ƙasar Hausa bauta kamar jaki, kuma babu wadda muka wulaƙanta kamarsa. Da jakuna fatake suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja suna dawowa da goro. Har gobe a ƙauyukanmu shi ke kai taki gona da mangala, ya kwaso amfani da kaka, ya ɗebo ruwa daga rijiya mai nisa, ya ja amalanke da mara lafiya zuwa asibiti. Gidan da ya rasa jaki, kayan kan koma kan mata da yara.

To ga shi yanzu jakin yana ƙarewa muna kallo. A ƙasar Sin ana dafa fatarsa a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, wanda ake sa wa a maganin gargajiya da kayan kwalliya. Wajen 1990 Sin na da jakuna kusan miliyan 11, zuwa 2021 ba su kai miliyan 2 ba, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. A 2015 an fitar da jakuna 27,000 daga Nijar, a 2016 kuwa tun shekara ba ta ƙare ba adadin ya kai 80,000, dole gwamnati ta hana fitar da su. Burkina Faso ma ta ɗauki irin wannan mataki a shekarar. A Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakuna don fatarsu a nahiyar baki ɗaya.

Abin da mai saye ba ya gaya wa mai sayarwa shi ne jaki ba ya yaɗuwa da sauri. Jaka kan yi kusan shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tal, shi ma sai ya yi shekaru kafin ya isa ɗaukar kaya. In ana yankawa dubbai, ta ina za a mayar da gurbinsu? Manomi ya ga kuɗi ya sayar, damina ta zo ya koma kasuwa, ya tarar farashi ya fi ƙarfinsa.

Ga kuma azabar hanya. Ana cusa su a tirela daga kasuwannin Arewa zuwa mayankar Kudu, kwana da kwanaki cikin rana, ba ruwa ba harawa. Wanda ya faɗi sauran su tattake shi. Mai kayan bai damu ba, tunda fata yake nema, kuma ko mushe ne za a feɗe.

Amma kada mu ɗora laifin duka a kan baƙi. Dubi jakunan da ke yawo a garuruwanmu: gyambo a gadon baya, ƙudaje na bi, a haka za a ɗora akumari a lafta yashi ko itace. In ya durƙusa don gajiya, sanda ce maganinsa. Yaro na gani babba na yi, shi ma ya tashi da hannun duka. Alhali ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya aikata. Mun kuma san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare.

Don haka, mai jaki, ka ji tsoron Allah. Ka rage lodi, ka ba shi ruwa da inuwa da tsakar rana, ka gyara akumari, in ya yi miki ka hutar da shi ka nemi malamin dabbobi. In za ka sayar, ka tambayi inda za a kai shi. Malamanmu su sa wannan batu a huɗuba, sarakunan kasuwa da hukuma su sa ido a kan motocin da ke lodin jakuna. Dabbar nan ba ta da bakin kai ƙara a duniya, amma za a tambaye mu a kanta ranar gobe ƙiyama. Allah Ya sa mu cikin masu tausayi.