Wata Biyu a Indiya da Kewar Gida

Yawancinmu nan jami'a ba mu san Indiya ba sai a majigi: rawa da waƙa, da saurayi yana bin budurwa cikin furanni. Ni ma iyakar sanina ke nan, har shekarar 2019, sa'ad da Allah ya nufe ni da zaman wata biyu a can don koyon aikin bishara.

Ni Bahaushe ne Kirista, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Kakana na wajen uba Bamaguje ne, ya kuwa rasu a kan al'adar iyayensa. Bayansa sai addini ya zama biyu a gidanmu, amma tukunya ta zauna ɗaya. Babana ya bi Almasihu, Baffana ya musulunta, Kaka kuwa ta bi Baffa. Ran Salla mu ci nama a sashensu, ran Kirsimeti su ci shinkafa a namu.

Da na gama sakandare, kafin in sami shiga jami'a, na tafi wata makarantar masu bishara kusa da Jos. Muka yi wata uku a aji. Aka ba mu labarin William Carey wanda ya sauka Indiya a 1793, ya kafa kwalejin Serampore da abokansa a 1818, da kuma na Likita Mila na Zariya, wanda ya yi ɗawainiyar fassara har aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Darasin da ya fi ba mu wuya shi ne na addinan duniya, domin malamin ya kafa mana doka. Ya ce kada ɗayanmu ya yi wa mutum zancen addininmu, sai ya iya bayyana addinin mutumin har shi mai shi ya ce, "I, haka yake."

A watan Nuwamba mu goma sha biyu muka tashi daga Abuja, muka bi ta Adis Ababa, muka sauka Delhi. Bisa ƙidayar 2011, cikin mutum 100 a Indiya wajen 80 mabiya Hindu ne, 14 Musulmi, Kirista kuwa biyu da 'yan kai. Aikinmu shi ne mu duba, mu yi tambaya, mu rubuta, da dare mu tattauna.

A Banaras, bakin kogin Ganga, na ga dubban mutane suna wanka da asuba cikin sanyi, da magariba kuma malamansu suna juya fitilu ana kaɗa ƙararrawa. Can gefe ana ƙona gawa dare da rana, gama sun gaskata wanda ya mutu a garin ya huta da sake haihuwa. Kilomita goma daga nan akwai Sarnath, inda Buddha ya fara koyarwa, shi da ya bar matarsa da jaririnsa ya fita neman maganin wahalar duniya. A Amritsar kuma, garin mabiya Sikh, muka tuɓe takalma, muka rufe kai, muka zauna a ƙasa sahu-sahu aka ciyar da mu kyauta tare da dubban baƙi, ba wanda ya tambayi addininmu.

To, duk wannan kallo ido ke yi, zuciya tana gida. Ranar tafiyata Kaka ta ƙulle mini kuka da daddawa da yaji a tsumma, ta ce, "Mijina, in matan can ba su iya miya ba, ga wannan." Na riƙa tsakura kamar magani. Agogon Indiya ya riga namu da awa huɗu da rabi, saboda haka in na sami sukunin buga waya da safe, su suna barci. In sun taso daga gona, ni barci ya ci ƙarfina. Sau ɗaya a mako muke gaisawa, rabin maganar kuma "Kana ji na?" ce.

Amma ban san zurfin kewar ba sai ranar da muka ziyarci babban masallacin Delhi, wanda Sarki Shah Jahan ya gina tsakanin 1650 da 1656. Muna saukowa daga matakala, sai ladan ya ɗaga murya. Abokan tafiyata suka ciro littattafansu suna rubutu. Ni kuwa ƙafata ta ƙi ɗaukata, na zauna hawaye na zuba. Wata guda ke nan ban ji abin da kunnena ya sani ba, sai wannan. Da wannan kira nake farkawa tun ina yaro. Na ji ƙarar butar Baffa, na ji tarin Kaka tana shimfiɗa buzu, na ji Inna tana hura wuta kafin addu'armu ta safe. Abin da abokaina ke kira babi na huɗu a littafin darasi, ni a wurina mutanen gidanmu ne.

Da daren nan na buga wa Baffa waya na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ba kai ka fara ba. Shi kansa Bilalu, ladanin farko, da aka yi Hijira zazzaɓi ya kama shi a Madina, ya riƙa begen kwarin Makka." Sa'an nan na lura da abin da littafin darasi bai jera mana ba, watau yadda barin gida ya ratsa labaran addinan nan: Ibrahim ya bar ƙasar ubansa, Buddha ya bar fada, Musulmi kuma daga Hijirar 622 suke ƙidayar shekara. Koyarwarsu ta sha bamban ƙwarai, ba na kuwa haɗa su, amma kowannensu ya san zafin rabuwa.

Saura kwana tara Kirsimeti, Baffa ya kira ni a lokacin da bai saba ba. Kaka ta cika da hantsi, an kai ta kafin azahar, yadda Musulunci ya tanada. Ko jirgi yana bakin ƙofa da ban same ta ba. Ya ce ta bar mini saƙo: "Ku ce wa mijina ya gama abin da ya kai shi."

Akwai wani wuri a Linjilar Luka, sura ta 9, inda wani ya roƙi a bar shi ya binne ubansa tukuna kafin ya bi Almasihu, ba a kuwa ba shi wannan jinkiri ba. A Jos na ci jarrabawa a kan wurin nan. A Delhi na karanta shi ina riƙe da tsumman daddawa, na kasa kai ƙarshen ayar. Malaminmu bai yi mini wa'azi ba. Ya zauna kusa da ni har gari ya waye, washegari kuma wani tela Musulmi maƙwabcin masaukinmu ya aiko da shayi da ta'aziyya.

Na gama kwanakina kamar yadda ta ce, na komo cikin Janairu. Bangaskiyata tana nan, niyyar aikin bishara ma tana nan in na ƙare karatu. Sai dai yanzu na san kuɗin abin, na kuma san ba mai tafiya kaɗai ke biya ba. Na gida ma suna biya. Duk kuma wanda zan zauna da shi nan gaba, Bahindu ne ko Musulmi ko mai bin gargajiya, zan tuna kakar wani ce ko baffan wani, in yi masa magana yadda zan so a yi wa nawa.

Babana da Baffa suka raka ni makabarta. Baffa ya ɗaga hannu ya yi tasa addu'ar, mu muka sunkuyar da kai muka yi tamu, muka komo gida tare aka zuba mana tuwo a akushi ɗaya.