Ɗan Tudu da Numfashin Ayu

Duk wanda ya san Kangire ya san gari ne na tudu. Yana cikin ƙasar Birnin Kudu, a kudancin Jihar Jigawa, inda dawa da gero da gyaɗa suke sarauta. Ruwan da yaron garin ya sani shi ne na rijiya, da na kududdufi in damina ta sauka, sai kuwa kogi ga wanda tafiya ta kai shi wajen Gwaram. Teku kuwa sai a labari, domin mai son ya tsaya a bakin teku a Ikko sai ya shafe fiye da kilomita 1,000 a mota. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da mutanen garin suka riƙe baki ran da suka ji cewa wani ɗansu, wanda suka sa ran zai komo musu da farar rigar likita, ya duƙufa ga nazarin yadda jikin dabbobin ruwa masu shayarwa yake aiki. Wasu suka ce boko ya yi masa yawa, wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza. Na biyun su ne suka fi kusa da gaskiya.

Mafarin al'amarin wani kududdufi ne a bayan gari. Yana da shekara goma sha biyu, ƙanensa yana da tara, suka tafi wanka da sauran yara wata ranar Alhamis da ba makarantar allo. Wasan da aka fi so a wannan lokaci shi ne kurme: mutum ya nutse, na waje suna ƙirge, wanda ya fi daɗewa shi ne gwani. Manyan yara sun koya wa ƙanana wata dabara, watau kafin a nutse a yi ta jan numfashi da sauri, a shaƙa a fesar, har kai ya fara juyawa, wai ta haka ake cika ciki da iska. Ƙanen ya yi hakan, ya nutse. Aka ƙirga har aka wuce inda kowa ya taɓa kaiwa, yara suna tafi suna yi masa kirari, wan nasa kuma shi ne ya fi kowa ɗaga murya wajen ƙirgen. Ba su farga ba sai da shirun ya yi yawa. Ko da manya suka zo suka tsamo shi, rai ya yi halinsa, a cikin ruwan da bai wuce ƙirjin babban mutum ba.

Mahaifinsu mutum ne mai tawakkali. Ya ce kwana ne ya ƙare, bai kuma sake tayar da maganar ba. Yaron ya yarda da haka, amma wata tambaya ta zauna masa a zuciya kamar tsakuwa a takalmi: ta yaya wanda ya iya ruwa, ƙafarsa kuma tana iya taɓa ƙasa, zai kasa miƙewa tsaye ya shaƙi iska? Da wannan tambaya ya gama sakandare a Birnin Kudu, da ita kuma ya shiga jami'a, sashen ilmin aikin sassan jiki.

A shekararsa ta biyu wani malami ya kawo musu darasi a kan Per Scholander, masanin da ya yi karatu a Oslo ta ƙasar Norwe. A shekarar 1940 Scholander ya wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ya yi a kan dabbobi da tsuntsaye masu nutso, musamman wata dabbar teku da Turawa ke kira sil, wadda take haihuwa ta shayar kamar akuya amma abincinta yana ƙarƙashin ruwa. Ya gano cewa da zarar an nutsar da ita sai bugun zuciyarta ya faɗi warwas, har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na yadda yake. Jijiyoyin jini da ke kai wa tsoka da hanji da ƙoda sai su tsuke, a keɓe ɗan jinin da ke ɗauke da iskar oksijin domin ƙwaƙwalwa da zuciya. Watau jikin yana yin abin da magidanci yake yi in rumbu ya yi ƙasa: ya rage wa kowa awo domin kada gidan ya mutu.

Bayansa sai ga Gerald Kooyman, Ba'amurke, wanda ya tafi Antatika cikin shekarun 1960. Shi bai ɗaure dabba ya nutsar ba. Ya ƙera wani ɗan ma'auni da agogon da mata ke sa wa girki lokaci, ya liƙa a bayan sil irin na Weddell, ya bar ta ta shiga ƙarƙashin ƙanƙara don kanta. A 1966 ya ba da labarin cewa ta kai zurfin mita 600. Daga baya shi da abokan aikinsa suka nuna cewa ko da yake tana iya haura awa ɗaya a ƙasa, yawancin nutsonta gajere ne, ba ya wuce abin da iskar jikinta za ta ɗauka ba tare da bashi ba. Asirin kuwa ba a huhu yake ba, domin sil takan fesar da iska ne kafin ta nutse. Ajiyarta tana cikin jini mai yawa, da saifa wadda ke matso ƙarin jajayen ƙwayoyin jini lokacin bukata, da wani sinadari mai suna mayogulobin wanda ke riƙe oksijin a tsoka har namanta ya yi kusan baƙi. A 2014 ma an wallafa labarin wani nau'in wel, irin na Cuvier, da aka auna ya nutsa mita 2,992, wani nutson kuma ya ɗauki fiye da awa biyu.

Da aka tashi daga darasin, ɗalibin ya bi malamin har ofis, ya tambaye shi ko sai mutum ya bar ƙasar nan kafin ya ga irin waɗannan halittu. Malamin ya yi murmushi ya ce masa, "Kai da ka tashi kana jin masu magani suna tallar man ayu a kasuwa, ka taɓa tambayar kanka mene ne ayu?"

Bai taɓa ba. Kamar yawancin Hausawan tudu, ya san kwalbar, ya san kirarin da ake yi mata da lasifika, ya san abin da ake cewa tana yi wa ma'aurata, amma bai san mai man ba. Ashe ayu ba kifi ba ne, ba kuma aljanin ruwa ba ne. Dabba ne mai huhu, mai shayarwa, wanda masana suke lissafa shi cikin dangin dabbobin teku, ko da yake yana hawowa koguna har cikin Mali da Nijar da Cadi. Ana samunsa daga Sanagal har Angola, a Nijeriya kuma yana cikin Kwara da Binuwai da tafkin Kainji. Babbansa yakan kai mita 3, nauyinsa ya haura kilo 300. Macen takan yi kimanin shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, nononta kuma a hammata yake. Abin da ya fi ba ɗalibin mamaki shi ne danginsa na kusa a doron ƙasa su ne giwa da rema, ita dai remar nan da ke shan hantsi a kan duwatsu.

Ga mai nazarin aikin jiki, ayu makaranta ce sukutum. Ƙasusuwan haƙarƙarinsa a cike suke, masu nauyi, su ne ke taimaka masa ya kwanta a ƙasan ruwa yana kiwo. Huhunsa dogo ne, a shimfiɗe yake a tsawon gadon baya, shi ya sa yake iya daidaita kansa a kwance cikin ruwa. A numfashi ɗaya yana sauya kusan kashi 90 cikin 100 na iskar huhunsa, alhali ɗan Adam a zaune ɗan kaɗan yake sauyawa. Turamen haƙoransa suna tsirowa daga baya su gangaro gaba, na gaban in sun cinye su zube, haka har ƙarshen rayuwarsa. Ƙashin wuyansa shida ne, ba bakwai ba kamar na mutum da raƙumin dawa. A 1941 Scholander da abokin aikinsa Laurence Irving sun auna ɗan'uwansa na Florida a Amurka, suka tarar jikinsa yana ƙona abinci a hankali ƙwarai. Wannan sanyin jiki shi ke ba shi damar yin kusan minti 20 a ƙasa in yana hutawa, ko da yake bisa al'ada yakan leƙo bayan 'yan mintoci.

Sunan ayu ya daɗe da shiga littattafan Turai. Bajamushen nan Eduard Vogel, wanda ya isa Binuwai a 1855, ya aika bayanin dabbar gida da sunan da ya ji ana kiranta da shi a nan. A 1974 Sylvia Sikes, wadda ta yi aiki a kan ayu a ƙasar Binuwai da Filato, ta yi rubutu tana kira a cece shi. A wannan ƙarni Lucy Keith-Diagne ta bi shi ƙasa ƙasa, bincikenta na digirin digirgir a 2014 ya nuna cewa ayun Afirka ba ciyawa kaɗai yake ci ba, yakan haɗa da kifi da dabbobin ƙwarya. A Kamaru kuma Aristide Takoukam Kamla ya tsaya a kan ayun tafkin Ossa. Duk da haka shi ne wanda aka fi jahilta a cikin danginsa, ga shi kuma yana raguwa saboda farauta da taru da madatsun ruwa. Tun 2013 aka sa shi a sahun farko na yarjejeniyar duniya da ta hana cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Ɗalibin ya gama, aka riƙe shi ƙaramin malami, daga nan wahalar ta fara. Da ya gabatar da ƙudurin bincikensa, wani babba a wurin ya ce masa ga ɓeraye nan a keji, ga awaki a kasuwa, me zai kai ɗan Jigawa neman abin da ko masunta sai su shekara ba su gani ba? Maganar ba ta rasa gaskiya. Babu kuɗin bincike, babu na'urar da za a liƙa wa dabba, dabbar ma doka ta hana kama ta. Takwarorinsa da suka zaɓi ɓera suka wallafa takardu suka yi gaba, shi kuwa yana tara albashi domin kuɗin motar Yawuri lokacin hutu.

A can ya zauna da wani dattijon Basarke, wanda ya gaji farautar ayu kaka da kakanni amma ya ajiye mashi. Hausawa sun ce in kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Dattijon ya nuna masa yadda ake gane ciyawar da ayu ya ci, da kashinsa mai yawo a kan ruwa, da lokacin da yake biyo ambaliya ya shiga fadamun shinkafa. Sai a tafiya ta uku, da asuba, suna zaune shiru cikin kwalekwale, ya ji wani huci a gefensa. Ya waiga ya ga ƙofofin hanci biyu sun buɗe a kan ruwa, suka rufe, suka ɓace. Ya danna agogo, ya soma ƙirge a zuci. Rabonsa da ya ƙirga wa mai nutso tun ranar kududdufi. Da hancin ya sake ɓullowa bayan minti huɗu da 'yan kai, sai dattijon ya ga baƙonsa yana share hawaye, ya kau da kai bai tambaye shi dalili ba.

Da ya koma Kangire hutun Babbar Salla, mahaifinsa ya kira shi zaure bayan sallar isha'i. Da yake ɗan fari ne, tsohon ba ya kama sunansa. Ya ce, "Kai, ɗan nan, mutane suna tambayata aikinka, na rasa amsa. Ɗan wane yana asibitin Birnin Kudu yana duba marasa lafiya. Kai wannan dabba taka, me za ta tsinana wa mutanen garin nan?"

Ya daɗe kansa a sunkuye, sa'an nan ya ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ta dalilinta na san abin da ya sami ƙanena." Ya yi masa bayani a hankali. Abin da ke tilasta wa mutum ya ɗago ya yi numfashi ba ƙarewar oksijin ba ne, taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ce a cikin jini, ita ce mai ƙararrawa. Wanda ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutse bai ƙara wata ajiya ta kirki ba, ƙararrawar ya kashe. Sai oksijin ya ƙare masa ba tare da ya ji ƙunci ba, ya suma a ƙasa shiru, babu ko fafutuka da za ta sa na waje su farga. Ayu da sil an halicce su da rumbu, ɗan Adam kuwa ɗan abin da ke cikin tafin hannunsa ne, bayan 'yan mintoci ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa. Ya ƙara da cewa, "Ni ne nake ƙirga masa, Baba."

Tsohon ya yi shiru har aka ji kukan gyare. Can ya ce, "Ajali ba ya wuce lokacinsa, kai ma yaro ne a ranar. Amma Wanda ya saukar da ajali Shi ya ce a nemi sani. Har yanzu yara suna wannan wasa. Gobe ka je wurin liman da shugaban firamare ka faɗa musu abin da ka faɗa mini."

Ya je. Tun daga wannan shekara, duk farkon damina yakan zo ya tara yara a gindin bishiya, ya nuna musu hoton ayu, ya hana su jan numfashin nan kafin kurme, ya gargaɗe su kada a bar mai nutso ba mai lura da shi, ya kuma koya wa manyansu yadda ake hura wa wanda aka tsamo iska a baki ana danna ƙirji. Binciken nasa bai kammala ba, har yau kuma bai taɓa ɗora hannu a kan ayu mai rai ba. Mahaifinsa dai ya sami amsar da yake bai wa masu tambaya. Yakan ce ɗansa malamin numfashi ne. Allah ya kiyaye yaran Kangire, ya kuma bar ayu a kogunansa har jikoki su gan shi da idonsu.