Sabon Hatsi a Rumbu, Tsoho a Bakin Ƙofa

Mai karatu, in ka taɓa juya bayan littattafanmu na hikaya, ba za ka rasa ganin jerin nan ba da ake yi wa take da "Littattafan Marubucin". A sama waɗanda suka fito, a ƙasa kuma "masu fitowa nan ba da jimawa ba". Wani littafin ya shekara goma yana nan fitowa, wani kuwa ya fito har ya ƙare a kasuwa amma jerin bai sani ba. Mun daɗe muna yi wa wannan dariya, sai da irinsa ya faɗo kanmu, a inda dariya ba ta da wurin zama.

Mu huɗu ne, dukkanmu masu ɗan taɓa rubutu, ɗaya daga cikinmu ne kawai ya karanci kwamfuta. Abin da ya haɗa mu shi ne wahalar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Muka haɗa wata 'yar manhaja da ke sa madannan kwamfuta su fitar da su, muka bar ta a buɗe: kowa ya sauke kyauta, wanda ya iya ya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Irin wannan tsari ne ya haifar da manya irin su Linux da LibreOffice, mu dai ƙananan 'yan koyo ne. Muka buɗe shafi a intanet, a cikinsa akwai jerin abin da za a sauke: suna, lamba, kwanan wata, sai mahaɗin da za a latsa.

Fitowar farko ta bi tsohuwar dabarar da mutanenmu suka saba da ita tun shekarun 1990, wato a ari haruffan da Hausa ba ta amfani da su, a sa musu rigar wasu. Ka latsa q ka ga ƙ, ka latsa x ka ga ɗ, ka latsa v ka ga ɓ. A ido komai daidai, amma a cikin kwamfutar q ɗin yana nan q, riga kawai ya canja. Da zarar an kai rubutun inda babu wannan samfurin haruffa, sai rigar ta zame. Shi ya sa har yau kake cin karo da "qasa" da "xaya" a wasu takardu. Daga baya muka yi fitowa ta biyu a kan tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa tun farkon shekarun 1990, har muka ƙara ƴ saboda 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ta a inda mu muke sa 'y. Ranar da aka gama mun yi murna ƙwarai, har da tsire.

Abin da ba mu yi ba shi ne komawa kan jerin. Ɗan'uwanmu ya ɗora sabon fayil a ma'ajiya, ya ɗauka mai kula da shafi zai gyara mahaɗi. Mai kula da shafi kuma ya canja lambar daga 1 zuwa 2, ya rubuta sanarwa mai daɗi, amma mahaɗin da ke ƙarƙashi yana nan yana nuna tsohon fayil. Mu kuwa ba wanda ya latsa ya gani, don kowa yana da sabuwar a kwamfutarsa. Wata bakwai ana haka.

Ran nan sai ga waya daga wata baiwar Allah, matashiyar marubuciya da littafinta na farko ke wurin mai ɗab'i. Muryarta a sanyaye ta ce, "Malam, ba ku ne kuka ce wannan ba ta canjawa ko'ina aka kai ta ba?" Muka ce ƙwarai kuwa. Ta ce, "To ku zo ku ga abin da aka buga mini." Yaron da ya tsara shafukan bai duba ba, ita kuma ta amince da maganarmu ba ta nemi a nuna mata gwaji ba. An buga kashi na ɗaya gaba ɗaya, tun daga bango "qauna" ce ke yi maka sallama. Kuɗin kuwa na adashe ne da ta kwasa.

Gyaran rubutun bai ɗauke mu dogon lokaci ba, ko da yake shi ma ya zo da nasa. Da muka umarci kwamfuta ta mayar da kowane x ya zama ɗ, sai tauraruwar labarin da ta tare "taxi" a bakin titi ta koma ta tare "taɗi". Dole muka bi shafi-shafi da ido. Takardar da aka riga aka ɓata ce ba ta gyaruwa. Muka yi karo-karo muka biya rabin asarar, ta karɓa ta yi godiya, amma ba ta ce ta huce ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Tun daga nan muka daina kallon jerin a matsayin aikin yara. Gaskiyar magana, a cikin masu aikin sa-kai kowa so yake ya ƙirƙiro sabon abu a yaba masa, babu mai son zaman canja lamba da kwanan wata. Alhali kuwa mai saukewa bai san ma'ajiya ba, bai san wahalar da aka sha ba, layi ɗaya ɗin nan da ya latsa shi ne duk abin da ya sani game da ku. Kuma kowane abu a layin yana da aikinsa. Girman fayil yana gaya wa mai sayen data da kuɗin cefane ko zai iya. Sunan tsarin kwamfuta yana raba mai Windows da mai Linux. Akwai kuma wata doguwar shaida mai haruffa da lambobi 64, ana kiranta SHA-256, wadda ake lissafowa daga fayil ɗin kansa, ko ɗigo aka taɓa a ciki sai ta canja. Da mun sa ta, kuma da wani ya gwada, da ranar farko asirin ya tonu.

Manya ma abin bai bar su ba. A watan Fabrairun 2016 wasu ɓata-gari suka kutsa shafin Linux Mint, suka karkatar da mahaɗin saukewa zuwa wani gurɓataccen fayil da suka dasa wa ƙofar leƙen asiri. Manhajar asali lafiyarta ƙalau, jerin ne aka taɓa. Su kuwa masu LibreOffice, daga 2024 suka koma sa lamba da shekara da wata, fitowar farko ta shekarar ta zama 24.2, ta yadda ko wanda bai san komai ba zai gane tsohuwa da sabuwa. Wannan dabara ta burge mu, muka kwaikwaya.

Inda muka yi gardama sosai shi ne batun tsohuwar fitowa. Biyu suka ce a goge ta kowa ya huta. Biyu muka ce a'a, domin akwai masu littattafai da dama da aka rubuta da ita, ranar da za su buɗe tsohon aikinsu za su neme ta. A ƙarshe muka mayar da ita can ƙasan shafi, da gargaɗi da jan rubutu cewa kada a fara sabon littafi da ita.

Yanzu ɗan'uwanmu ya tsara yadda jerin ke ɗauko lamba da mahaɗi da kansa daga ma'ajiya, ba sai an rubuta da hannu ba. Duk da haka ba mu sakankance ba. Ranar Asabar ta farkon kowane wata, wanda layi ya zo kansa zai je shagon masu buga takardu, ya ari kwamfutar da ba ta san mu ba, ya sauke kamar baƙo, ya rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya", ya aika wa sauran ta waya. In ta iso da lanƙwasarta, sai a sa hannu a littafin da muka ajiye don haka. Asabar mai zuwa layin mai kula da shafi ne, ya kuwa riga ya fara cewa yana da ɗaurin aure a Gusau.