Tsakanin Feshi da Tukunya: Abin da Na Gani a Lambunan Keana

Motar da ta ɗauke mu daga tashar Lafiya ta cika maƙil da mutane da kaya, kuma cikin kayan har da famfon feshi irin na goyo guda biyu, sababbi ful, an ɗaure su a bayan but da igiyar roba. Mai su wani saurayi ne da ya zauna kusa da ni, ya rungume kwalin magani a cinya, ya ƙi yarda yaron mota ya haɗa masa shi da buhunan garin rogo. Na yaba masa a zuci, domin a layin shagunan da ke kewaye da tashar na ga maganin ƙwari da na ciyawa jere a rana, kafaɗa da kafaɗa da mai sayar da gyaɗa da mai tuyar ƙosai, babu wanda abin ya dama.

Daga Lafiya sai Obi, daga nan hanya ta karkata kudu zuwa Keana. Rani ne, an riga an cire doya, kunyoyin sun zama tsibi-tsibi babu ganye, ga karan riɗi a bushe. Ƙasar nan ta kudancin Jihar Nasarawa ƙasar noma ce ta gaske: doya, riɗi, shinkafa, agushi, rogo. Saurayin ya ce mini a ƙauyensu yanzu da wuya ka ga wanda zai yi sharar gona ko noman fari da fartanya zalla. Kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfin talaka, matasa sun tafi acaɓa a gari, kwalba ɗaya kuwa tana yin aikin mutum da yawa cikin safiya guda. Ban ga abin musu a lissafinsa ba.

Kowa ya san Keana da gishiri. Garin Alago ne, sarkinsu shi ake kira Osana, kuma tarihin da ake bayarwa na kafuwar garin a wuyan gishirin nan yake rataye. Aikin na mata ne tun kaka da kakanni. Na tsaya na kalli wata dattijuwa tana kankare ƙasar da ta sha ruwan gishiri ta bushe, tana zubawa cikin tukwane masu huda a gindi, ta kwarara ruwa a kai, abin da ya tsatso ta tara ta ɗora a wuta har ya ƙafe ya bar farin gishiri. Hayaƙi ya rine mata ido, amma hannunta bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Wanda ya sayi gishirin nan zai iya zuwa ya ga duk abin da aka yi masa daga farko har ƙarshe. Ni kuwa abin da ya kawo ni garin shi ne sauran kayan da ke shiga tukunya ɗaya da gishirin, waɗanda mai saye ba ya ganin abin da aka yi musu.

Da sassafe wani mai babur ya sauke ni a bakin wata fadama a bayan gari, inda 'yan lambu ke noman rani. Alayyafo ya yi kore shar, ga kuɓewa, ga yalo, ga attarugu. Tun kafin in ƙarasa warin ya tarye ni, wari mai kama da na kananzir da aka gauraya da tafarnuwa. Wani yaro da bai wuce shekarun sakandare ba yana tafe tsakanin fangali da famfo a baya, singileti da gajeren wando, ƙafa babu takalmi, iskar hunturu tana maido masa da feshin a fuska. Bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf, domin murfin famfon yana yoyo. Na ga yadda ya haɗa zubi na gaba: ya ɗebo ruwa daga ramin ban-ruwa, ya tsiyaya magani da murfin kwalba, ya ƙara daga wata kwalbar daban, ya ɗan yi jim, ya sake ƙara wani murfin, ruwan ya koma fari kamar nono, ya karyo kara ya juya. Da bakin famfon ya toshe, sai ya cire ya hura da bakinsa.

Mai lambun, wani dattijo mai fara'a, ya shimfiɗa mini buhu a gindin mangwaro. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, alayyafon nan yaushe za a yanka?"

Ya ce, "Jibi in Allah ya kai mu. Matan da ke saye sun riga sun ba da kafin alƙalami."

Na roƙe shi ya miƙo mini kwalbar. A jikin takardar, can ƙasa, da Turanci da ƙananan baƙaƙen da sai ka runtse ido, an rubuta kwanakin da ya wajaba a jira tsakanin feshi na ƙarshe da girbi. Kowane magani da nasa: wani kwana uku, wani mako guda, wani mako biyu ko fiye, gwargwadon maganin da kuma amfanin da aka fesa wa. A cikin kwanakin nan ne rana da iska da raɓa ke karya ƙarfin dafin. Na fassara masa. Ya saurara da kyau, ya yi dariya, ya ce shi mai shago bai taɓa gaya masa wani zancen kwanaki ba, abin da yake gaya masa kawai murfi nawa a famfo ɗaya. Sannan ya tsinko ganye guda mai huji-huji ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ɗana, kai in ka je kasuwa za ka sayi wannan?"

Na yi shiru, don amsar a fili take. Mu masu saye mu ne muke ture ɗaurin da tsutsa ta taɓa, mu zaɓi mai sheƙi, mu taya shi da daraja. Manomi kuwa ba mahaukaci ba ne; abin da kasuwa ke so shi yake kawowa. Kuɓewa ma ta fi alayyafo wuyar sha'ani, domin kusan kowane kwana biyu ake tsinkarta, in aka bar ta ta ƙosa ta zama itace. Wanda zai jira mako guda bayan feshi ya yi asarar tsinka biyu ko uku. Shi ya sa nake ganin masu zama a ofis suna cewa jahilcin manoma ne kawai ba su taɓa tsugunawa a bakin fangali ba. Akwai rashin sani, gaskiya ne, amma akwai bashi, akwai kuɗin fetur na injin ban-ruwa, akwai kuma malamin gona da dattijon ya ce rabon da ya gan shi a fadamar har ya manta.

Yawancin magungunan ƙwari masu arha da ake samu a kasuwanninmu jijiyoyi suke kamawa. A jikin ƙwaro da na mutum akwai wani sinadari da ke tsayar da saƙon jijiya bayan ya isar da aikinsa. Dafin da yawa daga cikinsu sai ya toshe wannan sinadarin, saƙo ya yi ta gudu babu birki. Shi ya sa wanda ya kwankwaɗi da yawa za ka ga yawu na dalala, gumi na karyo masa, ƙwayar ido ta ƙanƙance, ga amai da zawo, ga tsoka na rawa, ƙirji ya cika da majina har numfashi ya gagara. A asibiti da allurar atirofin ake ceto irin wannan, kuma da gaggawa. Yaron mai feshi ya ce mini shi in ya gama, madarar gwangwani yake sha, in babu ya lashi manja, wai suna wanke dafin. Wannan magana ta zaga ko'ina a ƙasar nan, kuma ba ta da tushe. Abin da ke taimako shi ne tuɓe kayan da suka jiƙe, a wanke jiki da sabulu nan take, in jiri ko amai ya zo a nufi asibiti da kwalbar a hannu.

Wannan na mai feshi ne. Na mai ci ya fi ɓoyuwa. Ɓurɓushin da ya rage a ganye ba lallai ya kayar da mutum a ranar ba. Ƙila ɗan ciwon ciki da za a ɗora wa ruwa ko maiƙo. Damuwar likitoci ita ce ɗan kaɗan na yau da na gobe, shekara da shekaru, musamman ga mai juna biyu da ƙaramin yaro. Saboda fargabar illa ga ƙwaƙwalwar jarirai ne Tarayyar Turai ta haramta maganin ƙwarin nan kulofirifos a 2020. Farakwat, maganin da ke ƙone ciyawa cikin yini, tun 2007 aka hana shi a can. Kurɓa kaɗan tana lalata huhu, kuma ba shi da makari.

Mu a Najeriya wake ne ya fara tona mana asiri. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandaren gwamnati a Doma aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake, aka gano lindan a ciki, sinadarin da ke cikin gamalin. Doma ta Jihar Gombe ake nufi, ba Doma maƙwabciyar Keana ba, kada a ɗora wa mutanen nan laifin da ba nasu ba. A shekarar ne kuma mutane sama da 100 suka kwanta a Bekwarra ta Jihar Kuros Riba, yara biyu suka rasu, duk a kan wake. Hukumar NAFDAC, lokacin tana hannun marigayiya Dora Akunyili, ta haramta magungunan gona 30. Bayan shekara bakwai, a Yunin 2015, Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya. Iyakar da suka yarda da ita ta sinadarin DDVP ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo. A waken da muka aika an samu daga 0.03 har zuwa 4.6, wato ninki 460 a mafi muni. An yi ta sabunta takunkumin bayan haka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waken da za a kai waje ai shi ne zaɓaɓɓe. Wanda aka auna mana a mudu babu wanda ya gwada shi.

DDVP ɗin nan shi ne ke cikin fiya-fiyar da muke yayyafawa a ɗaki don sauro, shi ne kuma ke cikin Sniper, wanda NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kantuna da kasuwanni a 2019. A 2023 hukumar, a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sa wa farakwat wa'adin haramci na farkon 2024, kulofirifos Nuwamban 2024, maganin ciyawa atirazin kuma farkon 2025. Dokokin suna nan a takarda. Da na ambaci sunayen ga wani mai tebur a kasuwar Keana, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi da sunan kamfani da launin kwalba ya san kayansa, in manomi ya zo cewa yake a ba shi mai ƙarfi. Na nuna masa zanen launi da ke ƙasan kowace takarda, ja ga mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ya ce ya daɗe yana ganinsa, ya ɗauka ado ne.

Kayan gwarin da ke kasuwar ba duka ne na fadamar garin ba. Tumatir da albasa da kabeji daga Arewa da Filato suke saukowa, lemu daga Binuwai. Duk wanda ya san Kadawa da Kura a Kano ya tuna 2016, shekarar da tsutsar da manoma suka raɗa wa sharon ta cinye tumatir har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Tsutsar cikin ganye da cikin ɗan tumatirin take shiga, feshi bai cika cim mata ba, tana kuma saurin sabawa da magani, don haka manoma suka riƙa ƙara yawa suna ƙara haɗi. Kwandon da ya taso daga can ya bi ta Lafiya ya iso Keana babu inda wani zai tsayar da shi ya tambayi ranar feshinsa na ƙarshe. Mangwaro da ayaba kuma nasu daban ne: ana nuna su da kabayid irin na masu walda, abin da NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Za ka ga bawo ya yi rawaya ɗau, ciki kuwa tsami.

Da azahar na zauna cin tuwon shinkafa a rumfar wata mai abinci kusa da tasha. Na lura tana wanke alayyafo a ruwa uku, na farkon da gishiri. Na ce, "Mama, wa ya koya miki haka?" Ta ce hancinta ne, ranar da ta kwance ɗauri ta ji warin magani, mayar wa mai shi take yi, kuma ya san ba ta wasa. Wankin nata yana da amfani. Ruwa mai yawa da cuɗawa suna rage abin da ke saman ganye, fere bawo da yar da ganyen kabeji na waje suna ragewa, dafuwa ma tana karya wasu. Wani bincike na Jami'ar Massachusetts a Amurka a 2017 ya nuna jiƙa tuffa a ruwan bakar hoda na minti 12 zuwa 15 ya cire kusan duk abin da ke kan bawo. Sai dai akwai magungunan da shuka ke zuƙa su bi jijiyarta, waɗannan ko an kwana ana wanki suna ciki. Kuma yalo da kokwamba da tumatirin da ake yanka wa mai tsire ba sa ganin wuta.

Na tambaye ta wake fa. Ta nuna mini wani buhu a lungu, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, irin wanda Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro ake kira PICS. In an ɗaure kowace leda tam, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu da kansa ba tare da ɗigon magani ba. Ta ce da kaka take sayen wake kai tsaye daga hannun manomi kafin ya shiga sito, ta zuba da kanta. Buhun ya fi na yau da kullum tsada, amma in ɓera bai huda shi ba tana sake amfani da shi wata shekarar. Ƙorafinta ɗaya, a Keana ba kullum ake samunsa ba, sai ta ba direba sautu daga Lafiya, wani lokacin kuma ya dawo mata da jabu mai leda ɗaya.