Tirafiketa, kalmar da ta tsufa a Ingila ta rayu a zango

Akwai wata kalmar Turanci da ba ta rabuwa da bakin direbobinmu, daga tashoshin Nima a Ankara har zuwa garejin Suame a Kumasi. Ita ce "trafficator", wadda bakin Bahaushe ya sassaƙa ta koma tirafiketa. Ma'anarta 'yar fitilar nan mai ƙyaftawa a gefen mota, wadda direba yake kunnawa don ya sanar da na baya da na gaba cewa zai karya kwana. A Kano da Katsina an fi cewa sigina, amma mu nan Gana tirafiketa ta fi zama a baki. Har aikatau aka ƙera mata a Turancin Gana da Nijeriya: idan direba ya yanke gabanka ba tare da sanarwa ba, sai ka ji ana tambayarsa me ya hana shi ya yi "trafficate".

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dariyar da nake ji daga bakin wasu yaranmu 'yan boko. Kwanaki a wajen wani suna, wani ɗan 'yar'uwata da ya yi karatu a Ingila ya gyara wa kawuna magana, wai babu Baturen da ke faɗin haka, "indicator" ake cewa. Kawu, wanda ya kwashe ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin Kumasi da Tamale, ya dube shi ya ce: "Ɗana, a bakin Baturen na koye ta, tun ba a haifi uwarka ba." Gaskiya kuwa tana wajen tsohon.

Kalmar haifaffiyar Ingila ce, an harhaɗa ta daga "traffic" da "indicator". Asalin tirafiketa wani ɗan hannu ne mai tsawon kamar taƙi ɗaya, wanda yake kwance a jikin ginshiƙin ƙofar mota. Idan direba ya murɗa makunni, sai maganaɗisun lantarki ya ɗaga hannun ya miƙe waje, da ɗan ƙwan fitila mai ruwan lemo a cikinsa. An kwaikwayi hannun mutum ne, domin kafin wannan direba da kansa yake fitar da hannu ta taga. Motoci irin su Morris Minor da Austin da Volkswagen mai siffar kunkuru duk sun zo da shi. Sai dai yakan maƙale, har direba ya riƙa dukan ginshiƙin kafin ya tashi, kuma da rana ba a ganinsa sosai. Saboda haka fitila mai ƙyaftawa, wadda kamfanin Buick na Amurka ya sa wa motocinsa tun 1939, ta yi ta cin ƙasa, har zuwa farkon shekarun 1960 hannun ya ɓace daga sababbin motoci.

A duba lokacin da kyau. Gana ta sami 'yanci a 1957, Nijeriya a 1960. Wato Turawa sun naɗe tabarmarsu daidai lokacin da tsohon hannun yake shirin ɓacewa. Su can gida suka yar da sunan tare da abin. Mu nan kuwa kanikawa da direbobin da suka koyi sana'a a zamanin Morris suka ɗora tsohon suna a kan sabuwar fitila, suka gadar wa yaransu, karen mota ya ji a bakin ubangidansa, ya zama direba, shi ma ya koya wa nasa yaron. Har Gana ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama a 1974, kalmar ba ta gusa ba.

Kowace al'umma da abin da ta gani a jikin fitilar. Mutanen Amurka sukan ce "blinker", wato mai ƙyaftawa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Togo da Burkina, masu jin Faransanci, suna cewa "clignotant", shi ma daga ƙyafta ido. Babu wanda yake cewa waɗannan sun yi kuskure. To don me tamu za ta zama abin kunya?

Wannan tambaya ta shafe mu fiye da batun mota. Mu mutanen zango mun saba da gyara ta fuska biyu: a ce Turancinmu bai kai na Landan ba, a ce Hausarmu ba ta kai ta Kano ba. Yaron da ya tashi yana jin haka yakan ƙare da jin kunyar bakin iyayensa, daga nan kuma sai ya daina yi wa nasa 'ya'yan Hausa. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma kalmar da ta haura shekara sittin a bakin mutane ta wuce aro. Birki da giya da sitiyari da taya duk haka suka shigo, kuma yau babu mai ce musu baƙi.

Wanda zai rubuta jarrabawar tuƙi a Landan, ya koyi "indicator", hakan daidai ne, domin kowace kasuwa da kuɗin da take karɓa. Amma idan ya je Abossey Okai neman ƙwan fitilar, ya ce tirafiketa da bakinsa cikakke, za a miƙo masa ba tare da tambaya ba. Kuma kowane suna muka zaɓa, mu tuna mu kunna ta kafin mu karya kwana, domin mai babur da ke bayanmu ba shi da wata hanyar sanin abin da ke zuciyarmu sai ita.