Kallon Kitse Na Yi Wa Rogo: Gargaɗi Ga Masu Sayen Duwatsu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in bayyana wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta wani abu da ya same ni. Na daɗe ina jin kunyar faɗinsa, amma na ga ɓoyewa ba ta amfani kowa ba, tun da har yanzu ina ganin waɗansu suna bin hanyar da na bi.

Ni akawu ne a Jos. A makarantar Mishan na yi karatu, inda aka koya mini Turanci da lissafi, har na riƙa ganin babu wani ciniki da za a rufe ni a cikinsa. Ni da uwargidana muka yi shekara uku muna zubin adashi, muka tara naira 400,000 domin mu rufa ɗaki biyu da muka gina. Ana nan, shekara biyu ke nan da suka wuce, sai wani abokin aikina ya kawo mini wani baƙo da dare. Baƙon ya kwance ƙullin tsumma, ya zuba mini duwatsu bakwai shuɗɗa a tafin hannu, ya ce safaya ce daga Mambila, uwarsa ba ta da lafiya, shi ya sa zai sayar da hasara. Ya ce in an kai su Bankok sai sun ninka kuɗin sau uku.

To, jama'a, ga inda karatun ya kai ni ya baro. Na taɓa karanta cewa a 2017 an yi gwanjon wani daimon mai ruwan hoda a Honkon a kan fiye da dala miliyan 71, a 2023 kuma an sayar da wani jan yaƙutu na ƙasar Mozambik kusan dala miliyan 35. Waɗannan labarai gaskiya ne, amma su suka rufe mini ido. Ban tambayi kowa ba, don kada a riga ni. Uwargida ta ce, “Maigida, ka san dutsen nan kuwa?” Na ce mata ita ba ta karanta abin da na karanta ba. Na ƙirga kuɗin na ba shi, na zuba duwatsun cikin gwangwani na ɓoye.

Da damina ta matso na fita neman mai saye domin in sayi kwanon rufi. Dillali na farko ya duba ya mayar mini bai ce kome ba. Na biyu ya yi tayin da na ɗauka zagi ne. Daga nan aka kwatanta mini wani tsoho wanda ya yi aikin kuza tun yana yaro, kana ya koma cinikin duwatsu. Bai taɓa shiga aji ba. Ya zaunar da ni a bakin ƙofa inda hasken rana ya ke, ya fito da ɗan madubi mai ƙara girman abu sau 10, da ɗan sikeli, ya yi ta jujjuya duwatsun ɗaya ɗaya. Can ya ce, “Ɗana, nawa ka biya?” Da na faɗa masa sai ya yi salati. Ya ware biyu ya ce kwalba ce aka fasa aka goge. Ya ware ɗaya ya ce na masana'anta ne. Sauran huɗun safaya ce ta gaske, amma sun yi duhu ƙwarai, ga tsaga ko'ina, irin waɗanda a ke sayarwa a tare bisa awo. Naira 45,000 na samu a kansu duka.

Na ce, “Baba, tun da kuɗi sun tafi, kada in tashi hannu wofi, koya mini yadda ka gane.” Na yi ta komawa wurinsa ran Asabar, ina haɗa abin da ya nuna mini da abin da na bincika a littattafai. Ga kaɗan daga ciki.

Da fari, launi ba shi ne sunan dutse ba. Jan yaƙutu da shuɗin yaƙutu, watau safaya, asalinsu dutse ɗaya ne, ɗan abin da ya gauraya da shi a cikin ƙasa shi ke sāke masa launi. Haka zumurrudu kore da akwamarin mai ruwan sararin sama, uwa ɗaya uba ɗaya su ke, amma kuɗinsu ya sha bamban. Turmalin kuwa ana samunsa ja da kore da shuɗi da baƙi. Saboda haka wanda ya ce maka dutse safaya ne don ya ga shuɗi, bai gaya maka kome ba tukuna.

Na biyu, tauri. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera duwatsu daga 1 zuwa 10, kowane na sama yana kartar na ƙasa da shi. Daimon ke da 10, yaƙutu 9, tofaz 8, farin dutsen ƙanƙara 7, kwalba kuwa wajen 5 da rabi. Ashe da na ɗebi ɗan tsakuwar ƙanƙara a bakin hanya na karta duwatsun nan, da biyu sun tona asirin kansu a daren nan. Amma a yi hattara, ba a yi wa dutsen da aka riga aka yanka aka goge wannan gwaji, gama ɓata shi a ke yi. Kuma tauri ba shi ne ƙin fashewa ba, ko daimon aka buga wa guduma sai ya tsage.

Na uku, nauyi. Safaya ta yi nauyin ruwa daidai girmanta sau 4, kwalba kuwa wajen sau 2 da rabi. Hannun da ya saba yakan ji wannan tun kafin a ɗora a sikeli. Ma'aunin da a ke ciniki da shi sunansa karat, karat 5 su ne giram 1. Kuma kuɗin dutse ba ya tafiya da nauyi kamar na gero: dutse ɗaya mai karat 4 ya fi guda huɗu masu karat ɗai-ɗai tsada nesa, don babba wuyar samu gare shi.

Na huɗu, abin da ke cikin dutsen. Baba ya sa ni na leƙa da madubi, na ga 'yan kumfa kewayayyu a cikin kwalaben nan biyu. A cikin na masana'anta na ga layuka masu lanƙwasa kamar zoben itace, alhali na cikin safayar da ta fito daga ƙasa miƙaƙƙu ne masu kusurwa. Tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana hanyar narka gari da wuta a yi yaƙutu, taurinsa da nauyinsa daidai da na ƙasa, amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mayaudara sukan farfasa irinsa su gurje shi da yashi ya yi kamar an tsince shi a rafi. Dutsen da ya fi tsabta a cikin bakwai ɗin, wanda na fi alfahari da shi, shi ne wannan.

Har wa yau, ko dutse na gaske ne, galibi an yi masa gyara. Yawancin safayar da ke kasuwannin duniya an gasa ta da wuta don launi ya fito, zumurrudu ana ɗura masa mai ya ɓoye tsaga, farin tofaz kuma ana mai da shi shuɗi. Wannan ba laifi ba ne muddin an faɗa wa mai saye, amma wanda ba a taɓa ba ya fi tsada.

Kada wani ya ji wannan ya ce ƙasarmu ba ta da albarka. Akwai safaya a tsaunin Mambila ta Jihar Taraba da wajen Nisama ta ƙasar Jama'a, akwai zumurrudu wajen Gwantu da Nasarawa Egon, akwai akwamarin da tofaz a ƙasar Filato da Nasarawa, akwai turmalin mai kyau a Jihar Oyo. Sai dai yawancinsu ɗanye su ke fita, a kai su Tailan ko Jaifur ta Indiya ko Jamus a yanka, kuma a wajen yanka sau da yawa fiye da rabin nauyin dutse ke zubewa. Kuɗin da mu ke karantawa a jarida na dutsen da aka yanka ne, aka gwada, aka ba shi takardar shaida, ya bi hannun dillalai barkatai kowa ya ɗauki la'adarsa. Ni kuwa na auna ɗanyen dutsena da wannan farashi.

Game da ajiye dukiya cikin duwatsu, abin da na gane ke nan. Zinariya tana da farashi ɗaya sananne kowace rana, kowace kasuwa ka je za a auna a biya ka. Dutse ba haka ya ke ba, kowane ɗaya da nasa kuɗi, sai abin da mai saye ya yarda, kuma ran da ka matsu ran nan mai saye ya ke wuya. Ba ya haihuwa kamar tunkiya, ba ya kawo haya kamar gida. Ko daimon ma ba tabbas gare shi ba: a 1980 kuɗinsa ya hau ƙwarai, mutane suka yi ta saye don ajiya, kafin shekara biyu ya faɗi ƙasa da rabi. Tun 1954 aka fara ƙera shi a Amurka, yanzu kuwa na masana'anta ya cika kasuwa da araha. Waɗanda su ke cin riba su ne waɗanda suka ba sana'ar shekarunsu, suka san ta kamar yunwar cikinsu.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa ita ce, kada ku sayi dutse da dare, kada ku saya wurin mai gaggawa, kada ku saya sai wani masani wanda ba shi da rabo cikin cinikin ya gani. Kada ku sa kuɗin rufin ɗaki ko na makarantar yara. Ku sani kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta ce mai sayen ma'adinai ya nemi lasin tukuna, abin da ni ban ko sani ba sa'ad da na saya. Wanda ke son sana'ar da gaske, ya nemi dattijo irin Baba ya durƙusa, ya fara da na kuɗi kaɗan.

Daminar nan a gidan haya muka yi ta, ruwa ya ci bangon ɗaki ɗaya har ya zube. Uwargida ba ta taɓa gorantā mini ba, wannan kuwa ya fi mini zafi. Mun sake shiga adashi. Kwalaben nan biyu suna nan cikin aljihun teburina a ofis, in na ji girman kai ya taso sai in jawo in dube su. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, ga nawa ya ƙone. Allah ya kiyashe mu da kwaɗayi, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Jos.